Darasi Na 14: Ziyarar Gidan Rumfa Da Ganuwar Kano

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana dalilin da ya sa mutanen zamanin da suka riƙa kewaye garuruwansu da ganuwa.
2. Faɗin wanda ya gina Gidan Rumfa da zamanin da aka gina shi.
3. Sanin ladubban shiga fada da gidan tarihi.
4. Tattara tarihin ganuwa ko fadar garinsu daga bakin dattawa, ya rubuta shi da hannunsa.

Shimfiɗa

Mutanen Ƙofa da Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ba baƙin Kano ba ne. Wani yana kai masara kasuwar Dawanau, wani yana sarin atamfa a Kantin Kwari, wata tana zuwa dubiya ko biki a cikin birni. Sai dai da yawanmu mukan ratsa Ƙofar Nassarawa hankalinmu na kan abin da ya kawo mu. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi wanda ya tara ƙasar nan da ke gefen ƙofa ba, ko abin da ya sa aka tara ta.

Wannan darasi shiri ne na ziyarar da ajinmu zai kai wurare uku: ganuwar Kano, Gidan Makama da Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano. Gani ya kori ji, amma wanda ya je da sani a ransa ya fi ganin abin da ya je gani. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: ginin ƙasa ba ya tsayuwa da kansa. Hannun jama'a ne ya tayar da shi, hannun jama'a ne ke riƙe shi, kuma ranar da aka janye hannu, ruwan sama zai mayar da shi inda aka ɗebo shi.

Tarihin ya faro daga ƙasarmu

Hanyar da motarmu za ta bi ba sabuwar hanya ba ce. Mutanen Doguwa za su keto dajin Falgore, su haɗu da na Tudun Wada, a tarar da na Ƙiru da Bebeji a Kwanar Ɗangora, sannan a miƙe ta Ciromawa da Kura da gadar Tamburawa har Na'ibawa. Tun kafin kwalta, fatake da jakunansu suna ratsa wannan yanki tsakanin Zariya da Kano, kuma Bebeji na cikin manyan zangunansu. Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya bi ta Bebeji a 1826, ya same ta babban gari mai ganuwa da yawan jama'a.

Kudancin Kano bakin iyaka ne, shi ya sa bai rabu da shirin yaƙi ba. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da mabiyansa ya koma duwatsun Ningi, kuma daga nan Ningawa suka shafe shekaru masu yawa suna kawo hari ƙasar Kano ta kudu da gabas. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ya sha fita yaƙi da su. A wancan zamani manomi yana noma kunnensa na sauraron kuwwa. Da an hango ƙurar mahara, mata da yara da dabbobi sai cikin ganuwa, a rufe ƙofa. Garin da ba shi da ƙarfin gina ganuwar ƙasa yakan yi kafi da itatuwa da ƙaya.

A ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Turawan Ingila ta taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland, da sojoji baƙar fata fiye da 700, da igwa 4 da bindigogi masu ruwan harsashi 4. Garin da ya fara tare musu hanya shi ne Bebeji. Sarkin Bebeji ya ƙi buɗe ƙofa, Turawa suka saita igwa suka fasa ta, Sarki da mutanensa kimanin 30 suka rasu a wurin. Ke nan jinin farko da aka zubar wajen kare ƙasar Kano daga Turawa a ƙasarmu aka zubar da shi. Duk wanda ya tashi daga nan zai je kallon ganuwar Kano, ya sani cewa kakanninsa suna cikin labarin.

Ganuwar Kano

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Ganuwar farko ta kewaye Dutsen Dala ne da unguwannin da ke gindinsa. Da gari ya bunƙasa, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 zamanin Sarki Muhammadu Nazaki. Lokacin da Gwamna Lugga ya gan ta a 1903, ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, kuma bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

In mun isa, mu nemi wurin da ragowar ginin ke tsaye, kamar tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, mu lura da abubuwa huɗu.

Na farko, gindi ya fi sama kauri nesa ba kusa ba. Haka ake ginin ƙasa mai tsayi: ƙasa ta ɗauki nauyin sama, ruwa kuma ya gangara ba tare da ya kwanta ba.

Na biyu, ta ciki akwai badala, wato dandamalin da mayaƙa ke tsayawa. Maharbi yana tsaye a kai, ganuwa ta kare jikinsa, yana harbi ta ƙananan kafofin da aka bari a sama.

Na uku, ta waje akwai gwalalo. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini shi ne ya zama tarko ga dawakin abokan gaba, aka kuma bar sarƙaƙiya ta cika shi. Aiki ɗaya, amfani biyu.

Na huɗu, ƙofofin asali ƙanana ne matsattsu, ba irin faffaɗan da aka sake ginawa da siminti domin motoci ba. Wasu an shigar da su ciki, ta yadda duk wanda ya tunkaro ƙyaure sai ya bi ta tsakanin bango biyu, maharba na kansa dama da hagu. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufewa da dare, ya buɗe da safe, ya kuma san baƙon da ya shigo.

Akwai wata dabara da ido ba zai gani ba yau saboda gidaje sun cike wurin. Ba gidaje kaɗai ganuwa ta kewaye ba. An bar gonaki da kududdufai da rijiyoyi a ciki, domin ko abokan gaba sun yi wa birni zobe, a ci a sha, a kuma sami wurin sauke mutanen karkara da dabbobinsu.

Ƙofofin da ya kamata kowa ya sani sun haɗa da Nassarawa, Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, Ƙofar Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa da Ɗan'agundi. A bakin Ƙofar Mata marinar nan mai tsohon tarihi take, nan kuma filin Idi yake.

Duk da wannan ƙarfi, ganuwa ba ta hana kowane maƙiyi shiga ba. Kwararrafa sun taɓa shiga Kano a ƙarni na 17. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 kuma, rundunar da ta fasa Bebeji ta iso, ta gwada Ƙofar Dukawuya ba ta sami yadda take so ba, ta koma Ƙofar Kabuga ta fasa ta shiga. Sarkin Kano na lokacin, Alu, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sarkin Shanu, ɗaya daga cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, ya yi ta fafatawa har ya rasu a gidan Sarki. Daga baya Waziri Ahmadu ya rasu a yaƙin Kwatarkwashi, aka kama Sarki Alu, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926.

Gidan Makama

Daga Ƙofar Nassarawa, titi ya miƙe zuwa Gidan Makama, wanda ke kusa da filin Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. Gini ne na zamanin Rumfa, a nan kuma ya zauna kafin a gama masa sabuwar fada. Yau wani sashe nasa gidan tarihi ne ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa.

A nan ya kamata mu fi daɗewa, domin a nan ake barin baƙo ya matsa kusa ya duba. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa da aka ciro aka adana. Mu tsaya gaban ɗaya daga cikinsu mu ƙare masa kallo: fallayen ƙarfe ne aka jera, aka ɗaure su da ƙusoshin da maƙeri ya buga ɗaya bayan ɗaya a kan maƙera. Ba injin da ya taɓa shi. Akwai kuma sulke da lifidi da kwalkwali da takubba da masu da bindigogin toka, da kayan kiɗan sarauta, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da da jerensa.

Kafin mu fita daga kowane soro, mu ɗaga kai mu dubi rufi. Azara, wato giginyar da aka tsaga, ba ta ɗaukar nauyi in ta yi tsawo da yawa. Saboda haka magina suka ƙirƙiro ɗaurin guga: a kafa azara a jikin bango, a ɗora wata a kanta tana ɗan leƙowa, a ɗaure, a sake ɗora wata, har ɓangarorin su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Da haka ake samun soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi ya tsaya a tsakiya ba. Wannan ilimi ne ya kai Babban Gwani Muhammadu Durugu ga gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Gidan Rumfa

Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Kafin shi, sarakuna suna zaune ne a tsohon gari wajen Dala. Shi ne ya fito sabon fili ta kudu ya gina wannan gida, ya ja ganuwa ta kewaye shi. Shi ne ya kafa kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, kuma a zamaninsa aka fara busa kakaki da riƙe figini a fadar Kano. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan mai mulki.

Faɗin gidan ya kai eka 33. Bayan jihadi, Sarki Sulaimanu ya shige shi, Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819, kuma zuriyar Dabo ce ke sarautar Kano har yau. Sarakuna sun yi ta ƙara gini da gyara, amma fiye da shekara 500 ke nan fadar tana wuri ɗaya.

Tsohuwar ƙofar gidan tana arewa, ita ce Ƙofar Fatalwa, kusa da babban masallacin Juma'a. Ƙofar Kudu, wadda baƙi suka fi sani yau, Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya gina ta. Akwai kuma Ƙofar Kwaru. Mai shiga ta Ƙofar Kudu zai wuce soro ya fito fili, ya sake shiga wani soro ya sake fitowa wani fili. Wannan tsari tsaro ne: ba mai isa wurin Sarki kai tsaye, kowane soro da masu tsaronsa, kuma kowane baƙo da iyakar inda zai tsaya. Cikin sorayen da suka yi suna akwai Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, mai zane-zane da launuka a bango da rufi. Can ciki kuma cikin gida ne, wurin iyalin Sarki, wanda baƙo namiji ba ya shiga. Akwai barga ta dawaki, akwai kuma sheka mai itatuwa.

Gidan yana tafiya ne da mutanen da suka gaji aikinsa. Shamaki da Ɗanrimi da Sallama su ne manyan bayin Sarki. Kilishi ke kula da shimfiɗar Sarki. Sarkin Dogarai ke shugabantar dogarai masu jan kaya da kore. Jakadiya ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje, Uwar Soro kuma ita ce babba a kan matan gida.

Wanda ke son ganin fada a cike, ya zo da Salla. A al'ada, washegarin Salla ake Hawan Daushe, Sarki ya kai gaisuwa Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar Sarki, ya dawo filin Ƙofar Kudu, hakimai su yi jafi ɗaya bayan ɗaya. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Yadda ake ginin da abin da ke rushe shi

A Masar, Salahuddin ya fara gina ganuwarsa ta kan dutse a Alƙahira a 1176. A Habasha akwai fadojin sarakuna a Gondar tun ƙarni na 17. Waɗannan da dutse aka gina su, ko an yi sakaci da su shekaru sukan jure. Namu da ƙasa ne, kuma ƙasa tana da nata sharaɗi.

Magini yakan sa a haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Sai a cura tubali da hannu, gindi mai faɗi, kai mai tsini, a shanya a rana. In ya bushe, a jera shi a tsaye sahu-sahu, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ana barin kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Sannan a yi yaɓe. Domin ruwa kada ya ci bango, a shafa makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka kankare da dafara. A sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Dubi yadda sana'o'i suka shiga juna: marini da majemi da maƙeri da mai saran giginya duk suna da hannu a soro ɗaya.

Duk da haka, kowace damina sai ta ci wani abu. Shi ya sa a da, in kaka ta yi, akan raba ganuwa kashi-kashi, kowace unguwa da kowane hakimi da mutanensa su gyara nasu rabon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A garin Jenne na ƙasar Mali har yau mutanen gari kan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, shi ya sa yake tsaye.

Bayan 1903 yaƙi ya ƙare, gyaran shekara-shekara ya tsaya. Ruwa ya yi ta zaizaye ganuwa, masu gini suka yi ta ɗibar ƙasarta, aka yanka filaye a kanta, aka cike gwalalo da kududdufai da shara. An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare tun 1959, an kuma shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, tare da Dala da Kurmi da Gidan Rumfa. Amma takarda ba ta yaɓe bango. Gidan Rumfa yana tsaye saboda akwai mutane a ciki masu gyara shi. Mafi yawan ganuwa ta tafi saboda kowa ya ɗauka ba tasa ba ce. Wannan babbar hasara ce, domin kududdufin da aka cike shi ne ke shanye ruwan da yau yake shiga gidajen mutane, kuma bangon da aka baje ba kuɗin da zai dawo da shi yadda yake.

Shirin tafiya da ladubban ziyara

Gidan Rumfa gida ne da ake zaune a ciki, kuma wurin aiki ne. Saboda haka:

1. Shugaban aji ya rubuta takardar neman izini zuwa Majalisar Masarauta tun da sauran lokaci, a bi ta hannun dagaci da hakimi. A kuma sanar da ma'aikatan Gidan Makama ranar da za a zo da yawan mutane.
2. A tashi da sassafe. Lokacin sanyi ya fi daɗin yawo a ƙafa. A guji ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci.
3. A sa tufafi na mutunci. Maza da hula, mata da mayafi ko hijabi.
4. A cire takalmi inda aka ce a cire. A tsaya inda dogari ya ce a tsaya.
5. Kada a ɗauki hoto sai an tambaya.
6. Kada a taɓa kayan tarihi, kada a jingina da zanen bango, kada a rubuta suna a jikin gini, kada a hau ganuwa inda take zubewa.
7. Kowa ya riƙe littafi da biro, da ruwan sha, ya kuma koma da ledarsa.
8. In Allah ya sa an sami ganin Sarki, maza su zube su yi jinjina, mata su durƙusa, a ce "Allah ya taimaki Sarki" ko "Allah ya ja zamanin Sarki." Fadawa ne ke amsawa. Ba a miƙa wa Sarki hannu.

Karatu a bayyane

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira, ɗaya ɗalibi, ɗaya dattijo.

Ɗalibi: Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Barka kadai, ɗana. Daga ina?

Ɗalibi: Daga makarantar manya, Baba. Malaminmu ne ya ce mu tambayi iyayenmu inda ganuwar garin nan ta bi.

Dattijo: Madalla. Ka ga tudun can bayan masallaci, inda ake shanya dawa? Nan ta bi. Muna yara mun tarar da ita ta fi mutum tsawo.

Ɗalibi: To Baba, me ya cinye ta?

Dattijo: Ruwa ya ci rabi, mu muka ci rabi. Duk mai sabon ɗaki can yake ɗibar ƙasa.

Ɗalibi: Ƙofofinta nawa, kuma wa ke tsaronsu?

Dattijo: Zauna tukuna. Buɗe littafinka, in faɗa maka yadda na ji daga bakin kakana.

Ɗalibi: Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.

Taƙaitawa

An gina ganuwa domin kare rai da dukiya, an kuma gina fada domin zaman mulki da shari'a. Gijimasu ya fara ganuwar Kano, Rumfa ya faɗaɗa ta ya gina fadar da ake zaune a ciki har yau. Ƙasarmu ta kudu ita ce garkuwar Kano ta wannan fuska, daga harin Ningawa har zuwa ranar da aka fasa ƙofar Bebeji. Abin da aka ci gaba da gyarawa ya tsaya, abin da aka saki ya zube. Aikinmu bayan ziyara shi ne mu san abin da ya rage a garuruwanmu, mu rubuta tarihinsa, mu hana a ƙarasa shi.

Kalmomin da za a riƙe

Ganuwa: katangar ƙasa mai kauri da ta kewaye gari.
Badala: dandamalin cikin ganuwa inda mayaƙa ke tsayawa.
Gwalalo: ramin da ya kewaye ganuwa ta waje.
Kafi: shingen itatuwa da ƙaya da ke kare ƙaramin gari.
Ɗaurin guga: lanƙwasasshen rufin azara da ƙasa.
Laso: shafen da ke hana ruwa ratsa rufin soro.
Lifidi: rigar kariya mai cushen auduga ta doki da mahayinsa.
Jafi: sukuwar gaisuwa da mahaya ke yi a gaban Sarki.

Tambayoyi

1. Wane Sarki ne ya fara ginin ganuwar Kano, wa ya kammala?
2. Me ya sa aka bar gonaki da kududdufai a cikin ganuwa?
3. Me ya faru a Bebeji a 1903?
4. Ambaci ƙofofi uku na Gidan Rumfa da ƙofofi biyar na ganuwa.
5. Mene ne aikin Jakadiya, mene ne na Kilishi?
6. Kawo dalilai uku da suka sa ganuwa ta zube.

Lissafi

1. Rumfa ya hau mulki a 1463, ya rasu a 1499. Shekara nawa ya yi yana mulki?
2. Daga rasuwar Rumfa zuwa shigar Turawa Kano a 1903, shekara nawa ke nan?
3. Sarki Ado Bayero ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014. Da shekara nawa ya fi Rumfa daɗewa?
4. A ce ɗalibai 18 za su yi tafiya, kuɗin mota zuwa da dawowa naira 90,000. Nawa kowa zai biya?

Aikin gida

1. Kowane ɗalibi ya sami dattijo ko dattijuwa a garinsu, ya tambayi ko garin ya taɓa yin ganuwa ko kafi, inda ta bi, sunayen ƙofofinta da wanda ke tsaronsu. A rubuta amsar cikin jimla goma, a sa ranar da aka yi hirar.
2. A raba aji gida uku. Rukuni na farko ya zana taswirar gari ya nuna fada da masallaci da kasuwa da inda ganuwa ta bi. Na biyu ya sami magini ya rubuta matakan yin tubali da yaɓe. Na uku ya rubuta takardar neman izinin ziyara.
3. Bayan an dawo daga Kano, aji ya zauna da mai unguwa ko dagaci, a karanta masa abin da aka tattara, a tsayar da abu ɗaya da za a yi kafin damina: ko kwashe shara daga gindin tsohon gini, ko kafa alamar hana ɗibar ƙasa, ko gayyar yaɓen zauren fada.